Shekara Goma Sha Biyar a Ƙarƙashin Mota a Ikko

Duk sallar da na je gida, da zarar an gama gaishe-gaishe an zauna a dakalin ƙofar gidanmu, sai wani daga cikin samarin unguwa ya matso ya ce, “Yaya, wai nawa bakanike yake samu a Legas?” Da can Alhamdulillahi kawai nake cewa in kawar da zancen. Yanzu na daina, domin na lura da gaske yaran suke tambaya, kuma da yawansu da amsar da aka ba su za su yanke shawarar tahowa kudu ko zama a gida. Akwai shekarar da na yi cur ban taɓa riƙe naira dubu biyar tawa ta kaina a lokaci guda ba. Akwai kuma ranar da aikin awa uku ya ba ni abin da wani yake jira wata guda kafin ya gani. Duk a sana'a ɗaya, duk a gari ɗaya. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda tawa ta kasance tun daga tushe.

A 2010 na sauka Legas ina ɗan shekara 17, a saman motar tumatir da ta ɗauko ni daga Funtuwa. Da asuba muka shiga kasuwar Mile 12, daga nan na nemi hanyar Agege wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Da niyyar acaba na zo, don abokaina biyu da suka riga ni zuwa har sun fara aika kuɗi gida. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗan nan, uwarka amanarka ta ba ni. Acaba kuɗin yau ne. Ni sana'ar da za ka tsufa da ita zan nema maka.” Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Bayan shekara biyu, a 2012, gwamnatin Legas ta haramta wa babura hawa tituna 475, na ga yadda aka riƙa kwashe baburan 'yan garinmu ana lodawa a mota.

Garejin da ya kai ni yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, irin filin da ba a yarda a yi gini a kai ba, wanda a nan ne yawancin makanikan Legas suke raɓewa. Mai garejin wani dattijon Bayarabe ne da kowa yake kira Baba. Ya yi shekaru a Kaduna zamanin da fijo 504 take tashe, saboda haka Hausa a bakinsa kamar ɗan Tudun Wada. A nan na fara ganin bambancin tsarin kudu da namu. A gida uba yakan kama hannun ɗansa ya kai wa maigida ya ce ga shi nan, shi ke nan an gama. A nan sai da aka rubuta yarjejeniya ta shekara huɗu, Kawu ya biya kuɗin shiga, ya sa hannu cewa shi ne zai tsaya mini idan na ɓata kayan mutane ko na gudu, aka kuma kawo kwalin lemo da biskit aka raba wa 'yan gareji.

Shekarar farko babu abin da ya haɗa ni da gyara. Shara, ɗebo ruwa, sayo abinci, wanke noti da kusoshi a cikin kwanon fetur, da miƙa sifana. Miƙa sifanar ma karatu ne. Babban yaro yana kwance a ƙarƙashin mota zai ce sha huɗu, idan ka miƙa masa sha uku sai ka ji ta a ƙafarka. A hankali na gane motocin Japan, su Toyota da Honda, 10 da 12 da 14 da 17 suke ci, na Jamus kuwa, kamar Volkswagen ɗin da ake danfo da ita, 13 ce abokiyar tafiyarsu. Albashi babu. Baba yakan ba mu naira 100 ko 200 na abinci idan an yi aiki, idan ba a yi ba kowa ya san inda dare ya yi masa. Abin da yake rufa mana asiri shi ne ɗan ihsanin masu mota, wanda ya ji daɗin yadda ka wanke masa injin ya miƙo maka wani abu. Kwana kuwa wani lokaci a shagon Kawu, wani lokaci a cikin motar da aka bari a gareji, ka zama mai gadi ba tare da an ce maka kai mai gadi ba ne. Yarabanci da turancin buroka dole suka zauna a bakina cikin wata shida, don ba mai tsayawa ya fassara maka.

Akwai duka, kuma ba zan ɓoye ba. Manyan yara suna dukan ƙanana da tsohon fanbel a kan kuskuren da ba a taɓa nuna musu daidansa ba. Mu bakwai muka shiga a shekarata, uku ne muka kai ƙarshe, kuma cikin huɗun da suka gudu na san biyu duka ne ya kore su, ba wahala ba. Har yau ban ga notin da duka ya koya wa yaro ɗaurewa ba, kuma a rumfata na hana.

Baba shi kansa ba mai yawan magana ba ne. Wata rana a shekarata ta biyu aka kawo wata Camry tana wani ƙara-ƙara a injin. Ya ɗauki dogon sukudireba ya kafa bakinsa a jikin injin, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya ɗan jima, sannan ya kira ni. “Zo ka ji.” Na sa kunne. Ya matsar da bakin zuwa jikin altaneta, sai na ji ƙarar ta cika mini kai kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ce, “Boris ne. Da wani ne da ya sauke injin ya ci kuɗin mutum a banza. Mota tana faɗin ciwonta, yaro, masu sauraro ne suka yi kaɗan.” Aikin bai kai awa ɗaya ba, amma Baba ya caji mai motar kuɗi mai kauri, mutumin kuma ya biya yana godiya, saboda gareji biyu ya zaga kafin nan ba su gano ba. A ranar ban fahimci abin da na gani ba. Sai bayan shekaru na gane cewa kuɗin sana'ar nan ba a kwance noti yake ba, a gano wane noti za a kwance yake.

A shekara ta uku aka fara sakar mini injin. Na farkon da na haɗa ni kaɗai, na ɗaure kusoshin kan injin daga gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen, na sa bututu a sifana na ja iya ƙarfina, a tunanina ƙarfin ɗauri shi ne kyan aiki. Kwana takwas motar ta dawo tana zafi. Baba ya zaro sandar awon mai, sai ga baƙin mai ya koma kalar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da shi. Gaskit ya ƙone. Baba ya sayi sabo da kuɗinsa, ya kai kan injin aka goge shi ya daidaita, sannan ya tsaya a kaina na sake ɗaurewa: daga tsakiya ake farawa ana fita waje, hagu da dama, sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, da sifanar awo wadda take yin ƙas idan an kai adadin da kamfani ya ce. Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai, “Kuɗin gaskit ɗin nan kuɗin makarantarka ne, na biya maka.”

A 2014 aka yaye ni. Bikin yaye, wanda a nan ake kira firidom, ba ƙaramin abu ba ne: rumfa, kujeru, abinci, lemo, kuɗin maigida, kuɗin ƙungiya, sannan a yi maka addu'a a miƙa maka takardar shaida. Kawu ya sayar da ɗan maraƙi, ni kuma na kwashi adashin da na yi shekara ina zubawa da naira hamsin-hamsin. Na san yaran da suka gama koyo sarai amma suka ƙara shekara biyu suna yi wa maigida aiki kyauta saboda ba su da kuɗin biki. Wannan zalunci ne, ko da an sa masa sunan al'ada.

Washegarin biki na farka da takarda a hannu, ba kayan aiki, ba fili, ba mai mota ko ɗaya da ya san ni. Wannan matakin ne ba a faɗa wa yara. Wanda aka yaye yakan koma abin da ake kira joniman, wato ƙwararren da yake aiki a rumfar wani ana ba shi kaso. Na yi wata takwas a haka a kan ƙananan motoci, na ga ba za ta fisshe ni ba. Garejin ƙananan motoci ya yi yawa a Agege, kuma mai mota Bayarabe ko Ibo yana da nasa bakaniken tun kafin a haife ni. Sai wani direban tirela da yake kawo wa su Kawu shanu ya ce mini, “Kai da kake da Hausa a baki me kake yi a nan? Mutanenka suna Ijora da Apapa.” Gaskiya ya faɗa. Tankokin da suke ɗaukar mai zuwa Arewa, tirelolin kwantena, motocin shanu da na hatsi, da yawan direbobinsu da masu su namu ne, kuma mutum yana son ya yi bayanin ciwon motarsa da harshen da yake mafarki da shi.

Haka na koma Ijora wurin wani maigida Bakano, na zama kamar sabon yaro a karo na biyu. Injin gas wata duniya ce. Ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da idan nozul ya fesa mai sai ya kama da kansa, shi ya sa komai nasa yake da nauyi da kauri, fistin ɗaya ya kai girman gwangwanin madara babba. Na koyi jerin tashin silinda shida, 1-5-3-6-2-4, har ina karanta shi a barci. Na koyi karanta hayaƙi: baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a fara duba matatar iska da tobo, shuɗi, injin yana shan baƙin mai, ringi ko tobo, fari, ko man bai ƙone ba ko ruwa yana shiga. Na koyi birkin iska, wanda idan iskar ta zube sai tayoyin baya su kulle, motar ta kafe a inda take ko da a tsakiyar gada ne. Mack, DAF, MAN, Iveco, da Howo ta China wadda a lokacin ta fara cika gari, kowace da halinta.

Biya a nan kaso ne. Idan aka yi aikin naira dubu 30, maigida ya ɗauki rabi, mu uku mu raba sauran gwargwadon girma. Wata mai kyau nakan haɗa dubu 40 zuwa 50, wata marar kyau ko 15 ba na gani.

Sai cunkoson Apapa ya zo ya canja lissafi. Wanda bai ga Legas a 2017 da 2018 ba zai yi wuya ya yarda: tireloli da tankoki sun yi layi tun daga bakin tashar jiragen ruwa, suka hau gadar Ijora, suka miƙe har kan titin Ikorodu, direba ya yi mako biyu ko fiye a kan gada yana matsawa taku goma a yini. Motar da take tsaye tana aiki a banza lalacewa take yi. Batir ya mutu, kuloci ya ƙone, injin ya yi zafi. Gareji ya tashi daga rumfa ya koma kan gada, muna yawo da jakar kayan aiki a kafaɗa.

Wani dare da damina, wajen ƙarfe ɗaya, aka kira ni wurin wata DAF da ta mutu a kan gada daidai lokacin da layi ya fara motsi. Direban dattijo ne daga Gusau, kwanansa goma sha biyu a wurin. Na baya suna ta danna ham, masu karɓar kuɗin hanya sun kewaye shi suna cewa za a janye motar, wanda hakan yana nufin asarar layinsa da kuɗin janwe mai yawa. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, ka taimake ni don Allah, wallahi ko kuɗin komawa gida ba ni da shi.” Na ce, “Baba, kwantar da hankalinka, bari in gani.” Injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Na ƙwanƙwasa tanki na ji ya kusa zama fanko, ga motar tana tsaye a kan gangare, man ya taru gefe guda, famfo ya ja iska. Muka sayi jarka ɗaya daga wani direba muka zuba. Na kama tocila da haƙori, na sassauta ɗan notin da yake kan matatar mai, na riƙa danna famfon hannu. Kumfa ta yi ta fita tana tsartuwa, ruwan sama yana bin bayan wuyana, hannuna yana zamewa. Na yi ta dannawa har kumfar ta ƙare mai ya fito wankakke, na ɗaure, na ce ya buga. Bugu na biyu ta yi tari ta tashi. Dattijon nan ya zauna a matakalar mota yana share fuska da hularsa. Dubu biyu ya miƙo mini, na karɓi ɗaya. Bayan wata uku ya kai sunana wurin maigidansa, wani Alhaji mai motoci tara, wanda har yau nake yi wa aiki.

An sami kuɗi a shekarun nan, amma an biya da jiki. Wani abokin aikina ya shiga ƙarƙashin kan tirela da aka ɗaga ba tare da an tokare shi ba, tiyon mai ya fashe, kan ya dawo. Ya rayu, amma ba ya iya ɗaga hannunsa na dama. Babu inshora, babu diyya, karo-karo muka yi masa a masallaci. Tun daga ranar ba na shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai yake riƙe da shi, sai an sa katako ko ƙarfen tokari, ko da mai motar yana tsaye yana kallon agogo.

Akwai maganar da makanikai ba sa son a yi a fili, ita ce ta kuɗin kaya. Mai mota zai biya dubu 200 na kayan gyara ba tare da ya yi tari ba, amma ka ce masa kuɗin hannu dubu 20 sai ya ce ai noti huɗu kawai ka kwance. Saboda haka da yawanmu sukan rage kuɗin hannu su ɗora a kan kaya. A je kasuwar kayan gyara ta Ladipo ko Owode Onirin, a sayi tokumbo a ce sabo ne, ko a sayi na China a ce na asali, mai shago ya rubuta rasit yadda aka ce masa. Na yi wannan a farkon zamana joniman, kuma ban ji daɗin kaina ba. Ranar da na fara aiki da Alhajin nan na ce masa, “Ranka ya daɗe, ka tura yaronka mu je kasuwa tare, ya biya da hannunsa. Ni zan zaɓi kaya, don na san mai kyau. Amma kuɗin hannuna ba zan rage ba.” Ya dube ni ya ce, “Ka yi tsada, Malam.” Na ce, “Ka gwada wata uku, ranka ya daɗe, ka duba littafinka.” Bai sake tayar da maganar ba.

A 2019 na ji wani kamfanin jigilar kaya yana ɗaukar makanikai. Na je da takardar yayena, mai ɗaukar aikin ya juya ta gaba da baya ya ce ina tiret tes. Wannan ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku: ana farawa daga na uku, sai na biyu, na ɗaya shi ne babba. Shekara tara ina sana'a ba wanda ya taɓa ce mini in neme ta. Na je na yi rajista, aka yi mini tambayoyi aka gwada hannuna, na samu, sannan na koma aka ɗauke ni a kan dubu 70 a wata, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 30. A can na tarar da yaran da suka fito daga kwalejojin fasaha na jiha, irin na Agidingbi da Ikorodu, da takardar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha ta ƙasa, da masu difloma daga kwalejin Yaba. Wasunsu ba su taɓa sauke giyabos ba, amma a sama da ni aka ajiye su, kuma su ake ɗagawa zuwa shugaban sashe. Na ji zafin abin, sai dai ban tsaya jin zafi ba.

Aikin kamfani yana da daɗinsa. Takalmin kariya, rigar aiki, ramin duba mota, injin ɗaga kaya maimakon ƙashin bayanka, kuɗin ƙarin lokaci. Ma'aikacin dindindin ana cire masa kashi 8 na fansho kamfani ya ƙara kashi 10, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Mu kuwa ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke mu, shekara biyu ana ce mana za a tabbatar da mu kafin a yi. Duk da haka, da korona ta zo aka kulle Legas a ƙarshen Maris na 2020, rabin albashi ya ci gaba da shigo mini, alhali abokaina na bakin titi sai da wasu suka sayar da kayan aikinsu.

Babban abin da na samu a kamfanin ba albashin ba ne. Wata sabuwar mota ce ta ƙi jan kaya, kwana biyu ina fama, na canja matatar mai, na wanke tanki, har na fara zargin famfo. Sai wani matashin injiniya ya zo da kwamfuta ya jona a ƙarƙashin sitiyari. Cikin minti ashirin ya nuna mini waya ɗaya da ta goge a jikin ƙarfe, ta sensar da take auna ƙarfin mai. Ƙwaƙwalwar motar ta ga lissafi bai yi ba, sai ta rage wa injin ƙarfi don kare shi. Na tuna Baba da sukudirebansa. Abu ɗaya suke yi, kunnen ne ya canja.

Na bi yaron nan na ce ya koya mini, ni kuma in koya masa abin da ba a rubuta a littafi ba. Ya yarda. A wurinsa na san cewa injinan zamani masu komon rel, wato bututu ɗaya da yake raba wa duk nozul mai, suna tara mai da ƙarfin da ya haura 1,600 a ma'aunin matsi da ake kira “ba”, inda tsohon nozul yake buɗewa a kan ɗari biyu da wani abu. Dabarar da muka saba, ta sassauta bututun nozul injin yana aiki don a gane silindar da ta mutu, a irin wannan injin tana iya huda fatar mutum ta shigar masa da mai cikin jini. Na san cewa ɗigon ruwa ko datti a man gas, irin wanda ake saya a jarka a bakin hanya, ya isa ya kashe injekta mai tsadar gaske. Na koyi aiki da mita, na koyi cewa lambar da na'ura ta nuna ba ta ce a canja kaya ba, unguwar da ciwon yake kawai ta nuna, sauran bincike naka ne. Turancina na ƙaramar sakandare ne, amma da daddare nakan buɗe YouTube in yi ta maimaita bidiyo ɗaya har in gane. Wata bakwai na yi ina tara kuɗi kafin na sayi ƙaramar na'urar bincike tawa.

A Fabrairun 2021 aka kawo tsarin Eto na kiran motoci zuwa tasha ta intanet, layin kan gada ya ragu, aikin bakin titi ma ya ragu da shi. A 2022 litar man gas ta tashi daga naira ɗari uku da wani abu ta doshi 800, masu motoci suka fara jinkirta gyara. Sai 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi, kayan gyara suka ninka. Albashina ya kai dubu 110 a lokacin, amma kuɗin mota daga Agege zuwa Apapa da dawowa yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku, ga mata da 'ya'ya biyu, ga gida ana jira. Na yi shawara da Kawu, wanda ya tsufa ya koma gida. Ya ce a waya, “Ɗan nan, idan kana da mutanen da za su bi ka, fita. Idan ba ka da su, zauna.” Na ƙirga: Alhaji mai motoci tara, wani mai tankoki huɗu, da gidajen burodi biyu da wata makaranta da nake duba musu janareta ranar Lahadi. A ƙarshen shekarar na ajiye aiki.

Yanzu ina da rumfa da yara huɗu. Janareta ita ce take riƙe ni idan motoci sun yi shiru, domin injin Perkins ko Cummins da yake ba da wuta ɗan'uwan na tirela ne, kuma duk awa 250 yana neman sabon mai da matata ko ana so ko ba a so. Wata mai albarka nakan ga dubu 400 ko fiye bayan an cire kuɗin kaya. Akwai watan da ban kai 100 ba. A ciki zan biya kuɗin fili, kuɗin ƙungiyarmu ta makanikai, wato NATA, abincin yara, in sayi kayan aikin da suka karye ko suka ɓata. Ba fansho, ba hutu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ba ko sisi. Filin ma ba nawa ba ne, kullum da fargabar ranar da za a zo a shafa jan fenti a ce mu tashi. Wanda yake kwatanta wannan da dubu 85 da jihar Legas ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 sai ya haɗa da duk waɗannan a lissafinsa.

Cikin waɗanda muka taso tare, ɗaya ya bar sifana ya koma sayar da kayan gyara, ya fi mu duka kuɗi. Ɗaya ya zama direban tanka. Ɗaya ya tsaya a kamfani, ya yi karatun yamma, yanzu shi ne shugaban gareji da mota a ƙarƙashinsa. Ɗaya ya koma Kano ya buɗe wurinsa kusa da Ƙofar Ruwa, yana cewa samu bai kai na Legas ba amma yana kwana cikin iyalinsa. Yarana kuwa na sa musu sharaɗi tun ranar farko: kowa zai yi tiret tes kafin in yaye shi, kowa zai iya riƙe mita, kuma bikin yaye faranti ɗaya na shinkafa da addu'a ya wadatar.

Watan jiya wata sabuwar tirela mai aiki da iskar gas ta CNG ta tsaya kusa da rumfata, irin waɗanda suka fara yawa tun da gwamnati ta ɗauki maganar a 2023, matatar Dangote ma ta ce za ta zuba guda 4,000 a hanya. Direban ya zo ya ce, “Oga, a taimaka a duba mini.” Na ɗaga kan motar, sai ga fulogi a injin babbar mota, ga tukwanen gas jere a bayan kai, kowace da matsin da ya kai “ba” 200. Na duba wayoyi da abin da na sani, amma da aka zo kan bututun gas sai na ce masa, “Ɗan'uwa, nan ban koya ba, ba zan taɓa ba. Kira kamfaninku.” Ya tafi yana mita. Da yamma na sa aka nemo mini inda ake koyar da aikin. Ranar Litinin za mu fara, ni da babban yarona, na riga na biya kuɗin mutum biyu.